Muhawara: wayar malami za ta iya maye gurbin labo a makarantun Maradi?

Malamin Fizik-Shimi: Assalamu alaikum malamai. Ra'ayina shi ne, CEG ɗin da ba ta da labo, waya mai PhET ta isa ta rufe giɓin, musamman a darasin lantarki na ajin turwaziyem. PhET tarin gwaje-gwajen kimiyya ne na kwaikwayo da ake yi a gilashin waya ko kwamfuta, aikin Jami'ar Colorado ne a Amurka, Carl Wieman ya kafa shi a 2002, kyauta ne a shafinsu, kuma akwai shi da Faransanci. Kowane gwaji fayil guda ne. Ka sauko da shi sau ɗaya, ka tura wa yara ta Bluetooth ko Xender, ya yi ta aiki ba mega. Yaro ya ɗora rezistans mai om 10, ya ba shi bolt 1,5 da 3 da 4,5 da 6, ya karanta ampa 0,15 da 0,3 da 0,45 da 0,6, ya zana layinsa. Cikin minti ashirin dokar Ohm ta zauna.

Tsohon Malami: Wa alaikumus salam. Malam, waɗannan alƙaluman naka masu kyau su ne abin tsorona. Pil ɗin kanti da aka rubuta wa 1,5, da zarar ka ɗora masa kaya sai ya sauka, saboda shi kansa yana da turjiya a cikinsa. Ƙwan fitila mai zare kuma ba ya bin layi miƙaƙƙe, don zaren in ya yi zafi turjiyarsa tana ninka ta sanyi wajen sau goma. Yaron da bai taɓa ganin ma'auni ya saɓa wa lissafi ba, ranar da ya gani zai ce na'urar ce ta lalace.

Malamin Fizik-Shimi: Baba, Allah ya ƙara lafiya, an tanadi wannan. A gwajin da'irar lantarki na PhET, ɓangaren da suka kira labo, akwai wurin ƙara wa pil turjiyar ciki, akwai kuma ƙwan fitila irin na gaske.

Tsohon Malami: Malami ne zai kunna su, ɗana, don shi ya san da su. Yaro ba zai yi tuntuɓe da su da kansa ba.

Mai Gyaran Lantarki: Malamai, a yi mini izini. Akwai kuskuren da gilashin waya ba ya hukunta shi yadda ya kamata. Wanda ya bar miltimitir, na'urar auna bolt da ampa, a kan ma'aunin ampa ya ɗora shi kai tsaye a bakuna biyu na batir, fis ɗin ciki zai tsinke nan take. A ƙananan na'urori fis ɗin bai cika wuce miliampa 200 ba. Daga nan na'urar ta riƙa nuna sifili, mutum ya yi ta zargin wayoyinsa. Ƙa'idar: a fara da ramin 10A, a katse da'irar, a sa na'urar a jere, in abin kaɗan ne sannan a koma ramin mA. Wannan hannu ne ke koyon sa.

Sai batun majigi, tunda aji mai cunkoso ba ya kallon waya ɗaya. Majigi mai fitila yana cin wat 250 zuwa 300, kwamfuta kamar 50. Batir bolt 12 mai ampa-awa 100 wat-awa 1.200 ne, amma na dalma rabinsa kawai ake ci in ana son ya daɗe. Ke nan awa biyu da kyar, tun ba a cire hasarar kombatisa, na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida, ba. Lokacin hunturu ƙura na toshe masa mashaƙa, ya yi zafi ya kashe kansa tsakiyar darasi. A riƙa fitar da matatar ana kaɗewa kowane mako.

Malamar SVT: Ni tambayata, wa ya ce sai an zaɓi ɗaya? Kuma wa ya ce labo sai gini? Ku jiƙa zoɓo cikin ruwan zafi, ku tace, ku raba kofi huɗu. Ruwan lemun tsami ya ƙara masa ja, ruwan kanwa ko na toka ya juya shi ya yi duhu zuwa kore-kore. Kowace yarinya a Maradi ta san kanwa daga madafa. Bayan ta ga launi da idonta, sai a buɗe gwajin pH, ma'aunin tsami, a waya ta ga mi ya sa: ƙwayoyin da ido ba ya gani, da yadda tazarar lamba ɗaya ke nufin ninki goma. Nan ne waya ta fi allo da alli nesa ba kusa ba.

Haka albasa. Jar albasar Galmi ba ta bukatar rini. Ku ɓare fatar waje mai launi siririya ƙwarai, ɗigon ruwa, gilashin rufi, a duba da madubin ƙara girma a ninki 100. Ɗiga ruwan gishiri a gefe, cikin 'yan mintuna launin ya tattare ya bar bangon ƙwayar. In madubin ƙara girma ɗaya ne a makarantar, a ɗora kamarar waya a bakinsa, a kashe filas, a matso a hankali har da'irar haske ta cika gilashin. Abin da ke ɓata shi yanka mai kauri ne da kumfar iska.

Ɗalibin Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo: Malama, kin kawo abin da nake son faɗi. Waya ai ma'auni ce. Manhajar phyphox ta jami'ar Aachen a Jamus tana aiki da na'urorin cikin wayar, ba intanet. Amma ko agogon wayar ya isa ga lilo: zare mita 1, goron ƙarfe a ƙarshensa, kusurwa kada ta wuce digiri 10. A ƙidaya zuwa da dawowa goma, za a samu daƙiƙa 20 da ɗan kai, g, ma'aunin jan ƙasa, ya fito kusa da 9,8. Kada a auna zagaye ɗaya, jinkirin yatsa na kashi biyu cikin goma na daƙiƙa zai ɓata lissafin. Tsawon kuma a auna shi har tsakiyar goron, ba bakin ƙullin ba.

Malam, gyara ɗaya a kan fayilolin PhET: wasu wayoyi kan buɗe su da ƙaramin mai duba HTML, sai shafin ya tsaya fari. A zaɓi Chrome.

Malamin Fizik-Shimi: Na karɓi gyaran, na kuma janye kalmar "ta isa". Amma ban janye wannan ba: motsin elektoron, tafiyar igiyar sauti, ginin atom, babu kofi ko zare da zai nuna su. A tarminal waɗannan ba kaɗan ba ne.

Tsohon Malami: A kan waɗannan ba mu da saɓani. Sharaɗina ɗaya: kafin a taɓa waya, kowane yaro ya rubuta a kayensa abin da yake tsammanin zai faru, da biro, ba fensir ba. Kuma a BEPC takarda ce gabansa, sai ya iya zana da'irar da alamominta da hannunsa.

Malamar SVT: Baba, saura 'yan matan da ba a bar su riƙe waya a gida ba. In aikin gida ya rataya a kan waya, su aka cire. A yi gwajin cikin aji, rukuni na mutum shida, mai riƙe wayar ya riƙa canzawa kowane gwaji, malami ya rubuta sunan wanda ya riƙe.