Sankarau ya taɓa wa ɗana ji: ku da kuka shiga wannan hali, ina kuka kai naku?

Maman Abba, Kano
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗana shekararsa biyar. Bara da zafi ya yi sankarau, Allah ya tashi kafaɗunsa, amma tun daga nan ba ya ji. A da bakinsa ya buɗe sosai, yanzu kalmomin sai raguwa suke yi. A makarantar unguwa zama kawai yake yi a bayan aji. Surukata ta ce a bar shi a gida har jin ya dawo. Don Allah wanda ya taɓa gani ya faɗa min yadda ya yi.

Baban Zahra, Zariya
Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. Maman Abba, kafin maganar makaranta a fara kai shi gwajin ji, kar a jira. Akwai sashen kunne, hanci da maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Mu Kaduna muka kai tamu, Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa. Za su ba ki takardar da ke nuna iya abin da kowane kunne yake ji. Zahra an samu sauran ji a kunnen dama, aka sa mata na'urar ƙara ji, tana makarantar gama-gari, a layin gaba take zama. Amma ki sani na'urar tana cin batir, kuma abin da ake sawa cikin kunnen sai an riƙa sake shi idan yaro yana girma. Kar ki sayi ta kasuwa ba tare da gwaji ba.

Hajiya Kaka
'Yata, ki lallaɓa surukarki, ba da mugun nufi ta faɗa ba. Jikana ma haka dangi suka yi ta cewa a jira, ana ta rubutu da tofi. Addu'a ba a barin ta, amma jin da sankarau ya ɗauke da wuya ya dawo, kuma shekarun da ake jira su ne shekarun da yaro yake kama harshe. Sai da ya kai tara aka kai shi Tudun Maliki, makarantar nan ta kurame da makafi. Ya shiga aji da ƙannen bayansa, abin ya dame shi. Yanzu alhamdu lillahi yana sakandare, yana rubuto min saƙo a waya.

Malamin kurame
Ni aikina ke nan. Abin da ya fi ci min rai shi ne yaron da za a kawo mana, ya koyi maganar hannu har ya ƙware, ya koma gida hutu babu wanda zai yi hira da shi. Uwa tana son ɗanta, amma daga "zo ka ci" sai "je ka kwanta". Idan wani ya cuce shi, wa zai gaya wa? Ki fara koyo yau, ke da mahaifinsa da yayyensa. Ki nemi babban kurma a unguwarku, a Kano ba a rasawa, suna da majalisunsu. Ki lura kuma: maganar hannu ta Hausa da kurame suka gada daban take da wadda ake koyarwa a aji, wadda tushenta na Amurka ne. Yaro yana ɗaukar duka biyun. Kuma tunda Abba ya taɓa magana, kar ku daina yi masa. Ki fuskance shi a wuri mai haske, ya ga bakinki, ki haɗa da hannu.

Ummu Fa'iza, Kaduna
Malam ya faɗi gaskiya. Ni dai makarantar kwana ce ban yarda da ita ga ƙaramin yaro ba. Wata makaranta da na fara zuwa, ofis fes, amma da na matsa aka nuna min ɗakin kwana da banɗaki, sai na fasa. Ki je da ƙafarki ranar karatu, ba ranar ziyara ba. Ki tsaya ki ga ko malamin hannu yake yi da yaran ko allo kawai yake cikawa. Ki tambaya ko mai kula da ɗakin kwana ta iya maganar hannu, kuma ko akwai kurame cikin malamai. Fa'iza jeka-ka-dawo take yi, kuɗin Adaidaita yana ba mu wuya, amma kullum ina ganin ta.

Baban Zahra, Zariya
Wanda yake ƙauye fa, Ummu Fa'iza? Wani ba shi da zaɓi sai kwanan. Sai dai a yawaita ziyara. Wani abu kuma: dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin karatu kyauta har sakandare. Ni na taɓa ambata ta ga wani shugaban makaranta da ya so ya maido mu, kuma ya karɓi Zahra.

Hajiya Kaka
Sauran Islamiyya. Mu wani ɗalibin Sashen Ilimi na Musamman a Jami'ar Bayero muka samu, yana zuwa gida ranar Asabar. Shi ya koya wa jikana alwala da salla da hannu. Malam, ko ka san masu irin wannan a wajen Kurna ko Rijiyar Lemo? Wata maƙwabciyar ƙanwata ma tana nema wa 'yarta.