Babana ya canza hali bayan shanyewar ɓarin jiki, dan Allah a ba ni shawara

Maman Khalil:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki ta dalilin hawan jini, alhamdulillah yanzu yana takawa da sanda, amma hannunsa na hagu wani lokaci sai ya dinga wulwulawa da kansa ba ya iya tsayar da shi, ga kuka haka kawai ana cikin hira, wani sa'in dariya, mutumin da ba ya ɗaga murya yanzu Hajiya ma yake wa tsawa. Dangi sun dage wai iska ce ko sammu. Wlh na rasa yadda zan yi.

Abu Safiyya:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Ni gashi nake wa irin waɗannan marasa lafiya kuma abin da kika faɗa sananne ne. Can cikin ƙwaƙwalwa akwai wurin da ke daidaita motsi, in jini ya yanke masa sai hannu ko ƙafa su riƙa fizga ko rawa, kuma ɓarin dama na ƙwaƙwalwa ke juya hagun jiki. Wannan fizgar sau da yawa tana raguwa cikin makonni ko watanni. Kukan ma ba lallai baƙin ciki ba ne, birkin da ke riƙe kuka da dariya ne ya samu rauni, akwai magani. Amma a duba shi sosai don kusan mutum 1 cikin 3 na kamuwa da ciwon damuwa bayan wannan lalura. In kuna Kano ku nemi ganin likitan ƙwaƙwalwa a asibitin Malam Aminu Kano, ku ɗauki bidiyon hannun a waya ku nuna masa, a auna suga kuma, don hawan suga ma yana kawo irin wannan motsin.

Hajiya Yaya:
'Yata ki yi haƙuri, mijina haka ya yi. Tsawar nan ba da gangan yake ba, ku daina mayar masa da magana, ku rage masa hayaniyar yara. Addu'a ku ci gaba da ita amma kar wanda ya sa ku ajiye maganin hawan jinin nan.

Ɗan Zariya:
Malam Abu in fizgar ta zo da suma fa?

Abu Safiyya:
To wannan farfaɗiya ake zargi, asibiti kai tsaye. Haka in baki ya sake karkacewa ko magana ta sarƙe, kar a jira gari ya waye, kar kuma a je kemis.

Maman Khalil:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Bidiyon ma yau zan ɗauka insha Allah, zan nuna wa Hajiya amsoshinku.