Neman shawara: noti biyu sun ragu a hannuna bayan na haɗa injin fotokwafi

Mai neman shawara:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan sana'a. Shekarata huɗu ke nan ina koyon gyaran injin fotokwafi a wajen maigidana a Kano. Kafin nan gyaran janareta nake yi a shagon kawuna, sai aka samu saɓani tsakanina da babban yaronsa, mahaifiyata ta je da kanta ta roƙi wannan bawan Allah ya karɓe ni, ya kuwa karɓe ni ba tare da ya nemi ko kwabo ba. Sai bara ya fara tura ni aikin waje ni kaɗai, kuma har yau bai taɓa samun ƙorafi a kaina ba.

Ranar Litinin ya tura ni shagon wata Hajiya da ke kusa da wata kotu, wadda ta fi shekara goma tana hulɗa da shi. Takarda tana fitowa a yamutse kuma tana maƙalewa a hita, wato sashen da ke gasa garin tawada ya manne a kan takarda. Na fitar da hitar, na canza rolar matsi da faratan da ke ɓamɓare takarda. Shagon ƙunci ne da shi, mutane sun yi layi da takardun shari'a, ana cikin haka aka ɗauke wuta, na ƙarasa da fitilar waya a baki. Duk notin da na kwance a murfin gwangwanin madara na zuba. Da na gama haɗawa sai na ga biyu sun ragu: ɗaya gajere baƙi, ɗayan kuma wuyansa sumul yake, haƙoran daga ƙasa suke. Ban da wannan, wani kilif mai siffar E, ɗan ƙarfen da ke hana giya zamewa daga kan sandarta, ya yi tsalle lokacin da nake zare shi, na neme shi ƙasa da sama ban gan shi ba, sai na sa wani da nake da shi a jaka wanda ya ɗan fi shi girma. Injin ya yi aiki lafiya, na karɓi kuɗi na kai wa maigida.

Jiya Laraba Hajiya ta kira ni a wayata ta ce injin yana wata ƙara kamar ana karta abu, kuma wani baƙin layi ya fara fitowa a gefen takarda. Ban gaya wa maigida ba tukuna. Don Allah yaya kuke tsare ƙananan noti da kilif a wurin aiki, kuma me ya kamata in yi yanzu?

Wani ɗan'uwa daga Zariya:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka ba mu labarin kawunka amma ba ka faɗi sunan injin ba, ba ka kuma faɗi daga kan wace sanda kilif ɗin ya fita ba. Ni dai kwalin ƙwai nake amfani da shi, kowane murfi da na cire notinsa suna da nasu gurbin, ina bi daga hagu zuwa dama, idan zan haɗa sai in dawo daga dama zuwa hagu.

Tsohon hannu a sana'ar, daga Sabon Gari:
Yaro, abu na farko, ka kira Hajiya yanzu ka ce ta kashe injin nan ta zare shi daga wuta. Kowace takarda da ta buga tun da ƙarar ta fara, ɓarna take ƙarawa.

Shekarata ashirin da shida a wannan aiki, kuma ba na amfani da gwangwani, ba na amfani da kwalin ƙwai. Duk notin da na kwance, da zarar murfin ko ƙarfen ya fita, sai in mayar da shi raminsa in murza sau biyu ko uku. Injin da kansa shi ne ma'ajiyar notinsa. Wanda ya zuba noti a wuri ɗaya yana zaton duk iri ɗaya ne, alhali a inji guda za ka samu M3, wato noti mai kaurin milimita 3, mai tsawon milimita 6 da mai 8 da mai 10, ga M4, ga mai manyan haƙora da aka yi don roba, ga mai ƙananan haƙora na ƙarfe. Idan ka sa na ƙarfe a roba ba zai kama ba, idan ka tura na roba a ƙarfe ka cinye ramin, idan kuma ka sa dogo a gurbin gajere yana iya ɓullawa ya taɓa giya ko ya huda waya ko ya zauna a kan bod, wato allon lantarkin injin.

Wannan mai sumul ɗin wuya da ya rage maka noti ne mai kafaɗa. An yi shi ne don ya riƙe abu ba tare da ya matse shi ƙam ba. Hita tana kai zafin digiri 160 zuwa sama, roba tana buɗewa idan ta yi zafi ta koma idan ta huce, saboda haka ake ba ta ɗan wurin motsi. Tun da yana hannunka, ɗayan biyu ne: ko dai raminsa babu komai, ko ka ɗaura wani noti na gama-gari a wurinsa ka danne robar. Na fi zargin na biyun. Shi kuwa kilif ɗin da ya ɓata, ina da yaƙinin yana cikin injin. Rolar dibelofa, wadda ke kai garin tawada kan durom (gangar da hoton rubutu ke fara kwanciya a kanta kafin ya koma kan takarda), tana da maganaɗisu a cikinta, ƙaramin ƙarfe idan ya faɗa kusa da ita za ta janye shi, ya riƙa gogar durom. Baƙin layin nan da kake gani sawunsa ne.

Mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre:
Baba, da girmanka da komai, ni ina ganin tabarmar maganaɗisu ta fi sauƙi. Mu notin da muke kwancewa ya fi naku ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma a wasu wayoyin idan ka sa dogo a gurbin gajere ka kashe bod ɗin ke nan. Tabarmar tana da layuka, kana ajiye kowane noti daidai da inda ya fito, kana rubutu a kanta da maka. Wanda ba shi da kuɗinta ya samu maganaɗisun tsohuwar sifika ya manna a ƙasan faranti.

Tsohon hannu:
Ɗana, waya ba ta da dibelofa. Garin dibelofa yana da ƙarfe a cikinsa, idan ka kai maganaɗisu kusa da shi sai ya lulluɓe shi kamar ƙudan zuma, daga nan ya bi notin, ya bi bakin sukurudireba, ka kwashe shi ka kai cikin giya da kan bod da hannunka. Sannan notin da ya daɗe a kan maganaɗisu shi ma yana ɗaukar maganaɗisun. Kowa ya tsaya a kan sana'ar da ya sani.

Wani mai shagon gyara daga Kaduna:
Ni abin da ke damuna shi ne injunan da ake shigo mana da su na hannu. Za ka buɗe inji ka tarar kashi ɗaya cikin uku na notinsa babu, waɗanda suke nan ma an cakuɗa su, wani wurin an ɗaura notin katako. Watan jiya na sayi guda biyu a wajen wani dillali, ya rantse mini ba a taɓa buɗe su ba, da na cire murfin baya sai na ga an ɗaure giya da wayar tagulla. Na mayar, ya ce ai an riga an fita da kaya daga shago. To a irin wannan injin, idan ka mayar da kowane noti ramin da ka same shi, kuskuren wani kake maimaitawa. Ga kuma masu shaguna, ka yini kana aiki su ce sai ƙarshen wata.

Mai neman shawara:
Na gode ƙwarai. Injin Sharp AR-5516 ne, na manta ban faɗa ba. Baba, ina jin maganarka, amma ina so a fahimci halin da na yi aikin. Wurin da aka ajiye injin bai kai in tsaya a gefensa sosai ba, Hajiya tana tsaye a kaina tana cewa in yi sauri. Idan na ce zan mayar da kowane noti raminsa, aikin awa ɗaya zai koma awa biyu. Kuma da gwangwanin nan na yi aiki ya fi sau hamsin, ba a taɓa samun matsala ba. Maigidana ma haka yake yi, a wurinsa na gani. Kilif ɗin da na sa kuma ya shiga, na ja giyar da hannu ba ta fita ba.

Tsohon hannu:
Ya shiga daban, ya zauna daban. Lambar da ake kiran kilif da ita, E3 ko E4, tana nufin kaurin sandar a daidai wurin tsagin da kilif ɗin ke zama, kuma idan kilif ya fi tsagin girma ko da kaɗan ne, zai riƙe a hannu amma juyawa da zafi za su tura shi waje. Ƙarar da Hajiya take ji tana iya zama giyar ce ta goce tana cin 'yar'uwarta rabi da rabi. Maigidanka yana zuba noti a gwangwani ne saboda ya kwance irin wannan inji sau ɗaruruwa, idonsa ya san kowane noti da gidansa. Kai ba ka kai nan ba. Zancen awa biyu kuma ba gaskiya ba ne, minti goma zai ƙara maka, yau ga shi kwana uku kana cikin zulumi.

Wata mai shagon fotokwafi:
Ku gafarce ni, ni ba mai gyara ba ce, injuna biyu ne da ni. Abin da ke ci mana rai ba kuskuren ba ne, ɓoyewar ce. Wani ya taɓa yi mini gyara, bayan tafiyarsa yarinyata tana shara ta tsinci noti uku da wani sifirin a bayan inji. Na kira shi ya ce tsofaffi ne da ya canza. Bayan sati biyu tiren takarda ya daina ɗagawa, na sayi durom, na sayi abin da ban san sunansa ba. Ɗana, ka gaya wa maigidanka yau, ka gaya wa matar nan gaskiya. Mu da injin nan muke ciyar da yara.

Wani ɗan'uwa daga Maraɗi:
Ban yarda cewa lallai kilif ne ya karce durom ba. Baƙin layi yana zuwa daga dattin sashen da ke ba durom caji, ko reza mai share durom da ta gaji, ko ma faratan da ya canza idan bai zaunar da su daidai ba suna gogar rolar hita. A gwada kafin a yanke hukunci: a buɗe ƙofar injin takarda tana tsakiyar tafiya, a duba ko layin yana kanta tun kafin ta shiga hita.

Game da noti, ni kwali nake yankawa in zana hoton sashen da biro, in huda in soke kowane noti a inda yake a zanen, kilif da wosha in manne su da salatif a gefe. Ko an tunkuɗe kwalin ba ya zubewa. Kafin in taɓa giya ina ɗaukar hoto da waya, domin akwai ɗan fin da ke ratsa sanda a bayan wasu giyoyin, wanda yake sulluɓewa ba tare da ka ji faɗuwarsa ba. Idan zan zare kilif mai siffar E kuwa, farar leda nake lulluɓa wa bakin sandar in yi aikin a cikinta, ko in dafe shi da yatsa, idan ya yi tsalle a ledar zai tsaya. Farin ƙyalle kuma ina shimfiɗa shi a ƙasa kullum.

Tsohon hannu:
Ledar dabara ce mai kyau, na karɓa. Kwalin kuma ɓata lokaci ne. Ina nan a kan bakana cewa kilif ɗin yana jikin rolar dibelofa. Wani abu da ba a koya wa yara shi ne yawancin notin injunan Jafan ƙirar JIS ne, wato ma'aunin masana'antun Jafan, sau da yawa za ka ga ɗan ɗigo a kan notin kusa da tsagin, kuma sukurudireba mai bakin Phillips yakan zame a kansu ya suɗe kan. Idan za ka mayar da noti cikin roba, ka fara juya shi baya a hankali har ka ji ya faɗa tsohon sawunsa, sannan ka ɗaure. Wanda aka ɗiga wa fenti a wajen madubai da leza kuma kada hannunka ya kai kansa.

Mai neman shawara:
Allah ya saka da alheri. Na kira Hajiya, ta ce ba za ta iya kashe injin ba saboda gobe akwai zaman kotu, amma za ta rage aiki da shi. Ke kuma mai shagon fotokwafi da kika ba ni shawara a nan, na ji maganarki, sai dai ba ki san maigidana ba. Akwai yaron da ya sallama a kan abin da bai kai wannan ba, kuma ban san da wane ido zan kalli mahaifiyata ba. Niyyata in je ranar Asabar da sassafe kafin mutane su taru, in sake kwance hitar in duba komai, idan na ga durom ya karce sai in san yadda zan yi. Gwangwanin dai ban ga laifinsa ba, duhu ne ya cuce ni. Akwai wanda ya san ainihin girman kilif ɗin da ke kan giyar hitar wannan injin, ko wanda yake da hoton shafin littafin gyaransa?

Mai shagon gyara daga Kaduna:
Ina da mataccen irinsa a shago, amma ina jin yarana sun riga sun cire hitar. Zan duba idan na shiga gobe.

Tsohon hannu:
Asabar ta yi nisa. Kuma har yanzu ba ka faɗi daga kan wace sanda kilif ɗin ya fita ba.