Bayan aikin maƙoƙo: abin da aka tattauna a Tudun Wada

Mun je dubiya gidan wata yayarmu a Tudun Wadar Zariya da aka yi wa aikin maƙoƙo, sai hira ta koma kan ƙananan ƙwayoyi huɗu da ke manne bayan tayirod (gaɓar gaban wuya da kumburinta ke kawo maƙoƙo), kowace kamar ƙwayar shinkafa. Su ke daidaita sinadarin kalsiyam a jini. In aka taɓa su wajen tiyata aikinsu yakan yi sanyi, kalsiyam ya faɗi.

Wata nas cikinmu ta ce alamar faɗuwar kalsiyam takan bayyana kwana 1 zuwa 3 bayan aiki: leɓe da yatsu su riƙa tsikari, hannu ya ɗaure. Kada a ce iska ce, a koma asibiti a gwada jini.

Magani shi ne ƙwayar kalsiyam da bitamin D mai aiki nan take. A raba kalsiyam da maganin tayirod da awa 4, don kalsiyam yana hana maganin tayirod shiga jiki. Kindirmo da zogale suna taimakawa, amma ba sa maye gurbin magani.

Yawanci ƙwayoyin nan na bayan tayirod kan farfaɗo cikin makonni ko watanni. Wanda ya fi ba ni mamaki: in jini ya yanke wa ɗaya daga cikinsu wajen tiyata, likita kan daddatsa ta ya dasa a tsokar wuya ta ci gaba da aiki.