Tsakiyarmu tana zubewa bayan minti 60: wa ya taɓa ganin haka a ƙungiyarsu?

Magatakardan ƙungiya, Garwa:
Assalamu alaikum jama'a. Ni ke riƙe da takardun wata ƙaramar ƙungiya da ke buga gasar ƙwallon ƙafa ta yankin Arewa a Kamaru, matakin da ke ƙasa da Elite Two, wato rukuni na biyu na ƙasa. Ba zan kama sunanta ba, saboda yaran suna karanta abin da ake rubutawa. Abin da ya hana ni barci shi ne tsakiyarmu. Wasa huɗu ke nan a jere muna tafiya hutun rabin lokaci ko muna gaba ko kunnen doki, amma da zarar an wuce minti 60 sai tsakiya ta koma hanyar kasuwa, kowa ya bi ya wuce.

Mai lamba shidanmu bara shi ne ƙashin bayan ƙungiya. Idan ya tsaya gaban 'yan baya sai mai tsaron gida ya samu hutu. Bana kuwa a makare yake isa wurin ƙwallo, har ya ɗauki katin gargaɗi uku. Ranar Lahadi na gan shi da idona ya dafa gwiwoyinsa yana haki, alhali ƙwallo tana cikin fili. 'Yan kallo sai "a cire shi" suke yi, koci kuma ya ce girman kai ne ya shige shi. Ni zuciyata ba ta yarda ba. 4-4-2 muke bugawa, wato 'yan baya huɗu, 'yan gefe biyu, mutum biyu a tsakiya, 'yan gaba biyu. Don Allah duk wanda ya taɓa fuskantar irin wannan ya faɗa mana yadda suka yi.

Tsohon lamba shida, Marwa:
Wa'alaikumus salam ɗana. Kafin komai, wa ke tsaye kusa da yaron? Wanda suka yi bara ne, ko an canja masa aboki?

Na tambaya ne saboda abin da ya faru da ni. Shekara tara na yi a wannan gurbin. Akwai shekarar da duk unguwarmu ta yarda na ƙare, har ni kaina na fara yarda. Ashe abokin tsakiyata ne aka canja. Na farkon ba ya nisa da ni, idan na tashi tarar mutum yana bayana, idan ya tashi ina bayansa, kamar an ɗaure mu da igiya. Sabon kuwa yaro ne mai ƙafa, Allah ya ba shi yanka, amma ransa yana gaba. Da mun samu ƙwallo sai ya cilla bakin ragar abokan wasa. Da an ƙwace sai in waiga in ga ni kaɗai ne a fili mai faɗin sama da mita 60, su kuma uku suna tahowa. In tari na dama a miƙa wa na hagu, in koma hagu a zura ta tsakiya. Rabin farko ƙarfi yana rufa maka asiri, kana gudu kana toshe ramuka. Rabi na biyu ƙafa ta yi nauyi, ka makara da taku ɗaya, shi ke nan sai ƙeta da kati.

Wani dattijo da ke zuwa kallon atisayenmu ne ya gano. Wata ranar Alhamis ya tara mu, ya tsuguna, ya jera marafan kwalaben lemo a kan yashi. Ya ajiye nasu uku a tsakiya, namu biyu, ya ɗauke ɗaya daga namun ya tura gaba, ya ce mu ƙirga abin da ya rage. Babu wanda ya yi magana. Bai cire kowa ba. Cewa ya yi idan an ƙwace mana ƙwallo, ɗaya daga 'yan gabanmu biyu ya dawo ya manne wa mai lamba shidansu, ɗan gefen da ƙwallo ba ta ɓangarensa kuma ya shigo ciki. Cikin mako uku mutanen da ke zagina suka fara cewa na dawo, ni kuwa ban ƙara gudun ko taku ɗaya a atisaye ba.

Magatakardan ƙungiya, Garwa:
Baba, wallahi ka sosa min inda ke yi min ƙaiƙayi. Abokinsa na bara ya samu karatu a jami'ar Ngaundare ya tafi. Wanda ya maye gurbinsa ɗan shekara 19 ne, kuma shi 'yan kallo suka fi tafa wa.

Mai shayi a bakin fili, Garwa:
Malam magatakarda, ni ban san lissafin 4-4-2 ba, amma na san cikin yaran nan, don a teburina suke zama bayan atisaye. Akwai wani a ƙungiyar unguwarmu, shi ma ɗan tsakiya, da aka yi ta kuka da shi. Duk ranar Lahadi tun asuba yana kasuwar Pitowa yana dakon buhuna. Ya dawo da azahar, ya watsa ruwa, ya sa takalmi, ƙarfe uku da rabi yana fili. Ran nan ya zauna gabana hannunsa yana rawa har shayi yana zuba a kan benci. Na tambaye shi me ya ci, ya ce ƙosai na sefa ɗari da safe. Ku kuma kun san zafin Garwa a watan Maris da Afrilu, ya haura 40, ƙarfen babur ma ba ya taɓuwa. Mu masu sana'a a bakin filin muka haɗa kuɗi, ranar wasa a dafa musu shinkafa su ci tun ƙarfe sha biyu, a kuma biya wa yaron abin da zai samu a kasuwa ya zauna gida. Ka bincika me naku yake yi da safe.

Ma'aikaciyar jinya, Garwa:
Sannunku da ƙoƙari. Yaya magatakarda, maganar dafa gwiwa da hakin nan ita ta sa na shigo. Ƙanena ya yi haka shekara biyu da suka wuce. Zazzaɓin cizon sauro ya kama shi, ya sha magani kwana ɗaya ya ji sauƙi ya watsar, ya koma fili. Wata biyu yana jan jiki, ana cewa lalaci ne. Da na matsa aka gwada jininsa, cutar tana nan, jinin kuma ya yi ƙasa. Mai ƙarancin jini zai iya yin minti 40 lafiya, amma ba zai kai ƙarshe ba ko da wane tsari aka jera shi.

Ku kai yaron a gwada shi, a auna bugun zuciyarsa kuma. Duk ɗan Kamaru ya san Marc-Vivien Foé, ɗan tsakiya ne, ya faɗi a tsakiyar fili a Liyon ta Faransa ranar 26 ga Yuni 2003 muna wasa da Kolombiya, ciwon zuciya ne da ba a gano ba. Ban faɗa don in tsorata ku ba. Sannan ku roƙi alƙalin wasa tun kafin a fara ya ba da hutun shan ruwa, dokar wasa ta yarda da shi idan zafi ya yi yawa. Ku kuma sa ido kan ƙwayar tramadol. Na ga yaran da ke haɗiya kafin wasa wai don kada su gaji, ita kuwa ɓoye gajiyar take yi har jiki ya karye. Tun farkon 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta ta a lokacin gasa.

Mai horar da yara, Gidar:
Da izinin Baba na Marwa, zan ƙara abu ɗaya, don na san wani zai ce a koma 4-3-3 kawai a huta. Ni na gwada, abin ya ƙara lalacewa. Filinmu yashi ne da tsakuwa, ka miƙa ƙwallo ƙasa ta mita biyar sai ta yi tsalle ta bugi ƙaurin abokinka. Mutum uku a tsakiya suka riƙa cin karo da juna, ɗan gaba ɗaya ya zauna kamar maraya. Wasa biyu na haƙura na koma yadda muke.

Ina cikin filin Rumde Ajiya na Garwa ranar 11 ga Janairu 2022 da Najeriya ta ci Masar 1-0 a gasar kofin Afirka. Ndidi da Aribo su biyu ne a tsakiyar Najeriya, amma ban ga rami ba, domin tazarar da ke tsakanin 'yan baya da 'yan gaba gajera ce, kowa yana dawowa. A wannan filin dai, ranar 23 ga wata, Tunisiya ta toshe wa Najeriya gefe, ɗan wasanta Msakni ya samu sarari a gaban 'yan baya ya buga daga wajen da'ira, aka fitar da su. Mutanen nan biyu dai su ne a tsakiya. Tun ranar nake auna tazara a atisaye: ina kafa duwatsu, in ce daga ɗan bayanmu na ƙarshe zuwa ɗan gabanmu na farko kada ya wuce taku 35 idan ba mu da ƙwallo.

Wani abin kuma harshe. Ina ba da umarni da Faransanci, mai tsaron gida yana ihu da Fulatanci, 'yan tsakiya suna magana da Hausa. Sai da muka zauna muka tsayar da kalmomi huɗu da kowa zai gane: "matsa", "koma", "bayanka", "juya".

Ɗan wasa, Kuseri:
Manyana ku gafarce ni, ni har yanzu ina bugawa, lamba takwas. Bara na je gwaji wata babbar ƙungiya ba a ɗauke ni ba. Duk yaron Arewa yana da labarin Vincent Aboubakar a kansa, yadda ya tashi daga ƙungiyar Coton Sport ta Garwa ya tafi Faransa a 2010, ya ci mana ƙwallon da ta ba mu kofin Afirka a 2017. Mu 'yan tsakiya kuma Zambo Anguissa muke kallo, shi ma ta Coton Sport ya bi. Da na dawo sai na ƙudura a raina dole a gan ni. Ƙwallon da zan miƙa da taɓawa ɗaya sai in riƙe in yanka mutum biyu, a ƙwace, mai lamba shidanmu ya sha wahala a bayana. Shi aka riƙa zagi, ni ana tafa min. Wata rana a cikin mota muna dawowa daga wasa na ga ya cire safa, ƙafarsa duk ta kumbura, bai ce min komai ba. Kunyar da na ji ranar ban taɓa jin irinta ba. Kawu, ka yi wa ƙaramin naku magana a keɓe, ba gaban jama'a ba. Wataƙila bai ma san abin da yake jawowa ba.

Magatakardan ƙungiya, Garwa:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya bayan isha'i na je gidansu mai lamba shidan namu. Ashe mahaifinsa yana kwance tun farkon shekara, shi ya karɓi babur yana haya har tsakar dare, bai gaya wa kowa ba. Da safe na kai shi gwaji kamar yadda Anti ta ce, an samu zazzaɓin, an rubuta masa magani, likita ya ce kada ya buga wasan wannan makon. Koci da ya ji labari shiru ya yi, daga baya ya ce shi zai fara zuwa duba mahaifin. Na nuna masa maganar marafan kwalba da ta duwatsu, ya yarda mu gwada ranar Alhamis, ɗan gaba ɗaya zai riƙa dawowa. Ƙaramin kuma na ce ya same ni a shago gobe da yamma.

Asabar muna Figil, motarmu ta cika. Idan akwai mai tafiya can da safe da zai iya ɗaukar mana kuloli biyu na ruwa da ƙanƙara, don Allah ya yi min magana kafin Juma'a.