Shawarwari a zaure: ta ina mai koyon CFD zai fara?

Ɗalibar aji huɗu: Assalamu alaikum 'yan zaure. An ba ni furojet kan gudun ruwa a cikin bututu, an ce da CFD zan yi, wato lissafin gudun ruwa da kwamfuta. Na sauke manhaja, na bi wani bidiyo, hoto ya fito ja da shuɗi gwanin kyau. Malamina ya kalla ya ce, "Wa ya gaya miki daidai ne?" Na yi tsuru-tsuru. Yayyena, ku taimaka, ta ina ya kamata in faro?

Mai digiri na biyu: Wa alaikumus salam ƙanwata. Malaminki ya yi miki gata. Kafin komai, faɗa mana faɗin bututun da saurin ruwan.

Ɗalibar aji huɗu: Faɗinsa milimita 10, ruwan kuma mita 0.1 a daƙiƙa.

Mai digiri na biyu: To ɗauki biro. Lambar Reynolds ita ce sauri sau faɗi, a raba da kaurin ruwan, wanda ga ruwan da ba zafi ba sanyi ya kai kusan 0.000001 idan da mita da daƙiƙa ake awo. Za ki samu 1000. Duk abin da bai kai kusan 2300 ba a bututu, gudun a natse yake, layi-layi, babu hargitsi. Osborne Reynolds ya nuna haka a Manchesta a 1883, da zirin ruwa mai launi cikin bututun gilashi. Kuma irin wannan gudun an san amsarsa da hannu tun zamanin Hagen da Poiseuille: ruwan jikin bango ba ya motsi, na tsakiya yana ninka matsakaicin sauri sau biyu. Ke nan 0.2 ya kamata ki gani a tsakiya. Ki je ki duba nawa kwamfutarki ta ba ki.

Ɗan aji uku: Yaya, in dai biro zai ba da amsa, wahalar kwamfutar ta mece ce?

Malamin jami'a: Saboda a nan ne kaɗai za ka iya kama ta idan ta yi ƙarya. Lissafin Navier da Stokes mai bayyana motsin ruwa, na farkon a 1822, na biyun a 1845, ba a iya warware shi da hannu sai a 'yan wurare ƙalilan irin wannan bututun. Abin da CFD ke yi shi ne ta yanka wurin gida-gida kamar raga, a kowane gida ta yi lissafin shiga da fita: ruwan da ya shigo dole ya yi daidai da wanda ya fita ko ya taru, haka ƙarfin tunkuɗa, haka zafi. Kimantawa ce, kuma kowace kimantawa da kuskurenta. Ni shawarata, kowa ya rubuta ƙaramin shirinsa na kwamfuta da harshen Python kafin ya taɓa babbar manhaja. Darussan nan 12 na Farfesa Lorena Barba kyauta suke a intanet, suna farawa daga igiya guda mai tafiya a layi ɗaya har su kai ka ga cikakken lissafin. Mako biyu ko uku sun isa mai himma.

Injiniyan masana'anta: Ranka ya daɗe, a nan zan ɗan saɓa maka. Yarinya furojet ne a gabanta, lokaci na tafiya. Ni tun da na fara aiki ba wanda ya taɓa ce mini in rubuta shiri daga tushe. Ta koyi manhajar OpenFOAM, kyauta ce tun 2004, ko ta sauke Ansys Fluent na ɗalibai, duk da an ƙayyade masa yawan gidajen raga. Ta haɗa da ParaView don kallon sakamako. Shi ke nan.

Malamin jami'a: Ban hana ba Injiniya. Amma ranar da lissafi ya tarwatse, lambobi suka haura sama kamar an kunna musu wuta, wanda bai taɓa rubuta nasa ba sai ya hau latse-latse da addu'a. Wanda ya rubuta ya san sharaɗin Courant, Friedrichs da Lewy na 1928: a tsarin da ke lissafa gaba daga abin da ke hannu kai tsaye, ruwa kada ya tsallake fiye da gida guda a taku ɗaya na lokaci. A bututunta, idan tsawon gida milimita 1 ne, sauri kuma 0.2, takun kada ya wuce daƙiƙa 0.005. Ta rage girman gidan da rabi, dole takun ma ya ragu da rabi. Wannan da ido ake koyonsa, ka ƙara takun kaɗan ka ga layinka ya fara rawa.

Injiniyan masana'anta: Wannan na yarda. Bari in ƙara mata abin da ya fi cin mutane a wurin aiki, wato raga. Ki yi lissafin sau uku: da raga mai manyan ido, da matsakaiciya, da mai ƙanana. Idan amsar na ci gaba da sauyawa, ragarki kike aunawa ba ruwa ba. Ki matse gidajen kusa da bango, don a nan sauri ke sauyawa da gaggawa. Kuma saukar layin ragowar kuskure a allo ba shaida ba ce cewa amsar ta yi daidai. Ki sa ido kan abu guda da ya dame ki, misali faɗuwar matsi, har ya tsaya cak.

Ɗan aji uku: To su k-epsilon fa? Kowane bidiyo sai an zaɓe shi.

Mai digiri na biyu: Tsarin lissafin gudun hargitsi ne, kuma shi ma kimantawa ce a kan kimantawa. Launder da Spalding suka daidaita shi a 1974, Menter ya kawo SST a 1994 wanda ya fi iyawa da ruwan da ke rabuwa da bango. A Reynolds 1000 ba ta buƙatar ko ɗaya, in ta kunna shi ma ɓata mata amsa zai yi. Kai dai idan ka gama da bututu, ka gwada lissafin ruwa a cikin akwatin nan mai murfi yana zamewa, ka gwama da teburin sakamakon Ghia da abokan aikinsa na 1982. Kusan kowa da shi yake gwada shirinsa.

Ɗalibar aji huɗu: Innalillahi! Na gano. Da milimita na zana bututun, manhajar kuma ta karanta shi da mita, ni ban duba ba. Ashe bututu mai faɗin mita 10 nake ta lissafawa, Reynolds miliyan ɗaya. Ga k-epsilon ma a kunne, yadda mai bidiyon ya yi.

Injiniyan masana'anta: Hhhh, barka da shigowa sana'a. Ba wanda bai taɓa yi ba, har da ni.

Ɗalibar aji huɗu: Na gyara, na kashe shi. Yanzu tsakiya ta ba ni 0.17, bai kai 0.2 ba. Malam, har yanzu da saura ke nan?

Malamin jami'a: Tsawon bututun nawa?

Ɗalibar aji huɗu: Santimita 10.

Malamin jami'a: Ya yi gajere 'yata. Ruwan ya shigo da sauri iri ɗaya ko'ina, yana buƙatar tafiya kafin ya gama daidaita kansa, kusan 0.05 sau Reynolds sau faɗi. A naki rabin mita ke nan. Ki mai da shi mita ɗaya, ki auna kusa da mafita, sannan ki turo mana lambar tare da faɗuwar matsin, mu fitar da ma'aunin gogayyar ruwa da bango, mu gwama shi da amsar hannu, wato 64 a raba da Reynolds.

Ɗalibar aji huɗu: To Malam, na gode. Bari in sake zana ragar, in sha Allahu da safe za ku gani.