Salon Shugabancin Aliko Ɗangote

Tambaya: Assalamu alaikum. Wane darasi mai ƙaramin kamfani zai ɗauka daga shugabancin Alhaji Aliko Ɗangote?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. A ganina haƙuri wajen zuba jari ne, domin ya bar dogaro da shigo da siminti ya gina masana'anta a Obajana da ke jihar Kogi, sannan ya shafe shekaru yana aikin matatar man Lekki da ke Legas, mai ƙarfin tace ganga 650,000 kullum, kafin ƙaddamar da ita a 2023.

Amsa ta biyu: Haka ne, Malam, amma taƙaita shigo da siminti da gwamnati ta yi ya share masa hanya, gatan da ƙaramin ɗan kasuwa ba ya samu.

Amsa ta uku: Ni abin da ya burge ni, yakan ɗauko ƙwararru har daga Indiya ya damƙa musu ragamar masana'antunsa.